Tsuntsayen Bayan Gareji

Shekara ashirin da uku Malam Ƙwaro ya yi yana koyar da ilimin halittu a makaranta ɗaya, gaban allo ɗaya da ya koɗe. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan saboda kwalaben ƙwari da ya jera a taga, har malamai suka kama. Tun da matarsa ta rasu, 'yarsa kuma ta bi mijinta wani gari, hutun makaranta ya zama masa azaba.

Da jami'a ta aiko tana neman malaman kimiyya su yi mako shida suna koyon bincike kan halittun da ke zaune cikin birni, shugaban makaranta ya miƙa masa takardar ko kallonsa bai yi ba.

"Kai ne ba ka da uzuri, Malam. Je ka wakilce mu."

Su goma sha biyar ne, yawancinsu ya haife su. Dakta mai kula da shirin, wata siririyar mata mai saurin magana, ta ce a kasu biyu-biyu. Kafin ya gama goge tabarau kowa ya kama abokinsa.

"Baba, in haɗa ku uku?" in ji ta.

"Bar shi, Dakta. Na saba."

Wasu aka ba su lambun asibiti, wasu maƙabarta. Shi magudanar ruwan bayan garejin bakanikai ta faɗo masa. Aikinsa ya tsaya daga ƙarfe shida zuwa bakwai na safe, ya rubuta duk tsuntsun da ya sauka, ya auna zafin inuwa da na kwalta.

Kwana uku bakanikai suna hararar littafinsa, sun ɗauka hukuma ce ta turo shi a rushe musu rumfuna. Rana ta huɗu wani tsohon mai faci ya kasa haƙuri.

"Wai Malam, me muka yi?"

"Tsuntsaye nake ƙirgawa."

Mai faci ya yi dariya har da tari, sannan ya ja masa tsohuwar taya ya zauna. Ashe ya san tsuntsayen wurin duka. Ya nuna masa inda kurciya ke ƙwai cikin wata mota da ta mutu, da lokacin da balbela ke zuwa bin kwaɗi in an yi ruwa. Ya ce da can har da wani ɗan shuɗi mai kama kifi, amma tun da aka fara zubar da baƙin mai bai sake ganinsa ba.

A mako na biyar Malam ya ga ɗan shuɗin tsuntsun. Ya sauka kan wani ƙarfe, ya yi kamar ƙiftawar ido, ya tashi. Ranar mai faci ya tafi suna, rumfarsa a rufe. Malam ya waiga hagu da dama, babu wanda zai nunawa. Ya kira 'yarsa.

"Baba, lafiya dai? Jaririn ne ke kuka, zan kira ka an jima."

Ba ta kira ba. Ya rubuta: shida da minti arba'in, guda ɗaya.

Ranar gabatar da sakamako shi ne na ƙarshe. Matasan sun haska hotuna a bango sun cinye lokaci, kafin a zo kansa an buɗe kulolin abinci a waje, kujeru sun yi fayau. Ya karanta lissafinsa ga mutum huɗu: iri goma sha tara, a wurin da kowa ke toshe hanci. Dakta ta karɓi littafin ta daɗe tana juya shafuka.

"Baba, ka ba ni aronsa? Ba wanda ya kawo irin wannan."

Ya ba ta. Sai a mota ya ji aljihun rigarsa ya yi sakayau.

Da aka koma makaranta ya nemi izinin kai ɗalibai magudanar. Shugaban ya ce iyaye za su cinye shi ɗanye. A ɗakin malamai aka tambaye shi ko an raba musu jaka da biro, daga nan hira ta koma kan ƙwallo.

Ya shiga aji, ya buɗe tagogi duka, ya ce kowa ya yi shiru na minti biyar ya rubuta abin da ya ji. Aka yi ta ƙus-ƙus ana dariya. Wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu.

"Malam, ni ƙarar janareto kawai nake ji."

"Rubuta shi," in ji Malam Ƙwaro. "Sa lokaci a gefe."

Ya jingina da taga, shi ma ya kasa kunne.