Inda Hannunsa Ya Nuna

Tun da maigida ya sa wa ransa tafiya aikin walda a ƙasar waje, falonmu ya koma makaranta. Sifaniyanci ake yi a can, sai shi da ƙanensa suka shiga aji. Ni alkawari ɗaya na riƙe: ya rantse ba zai bar ni da yara ba, tare za mu tashi. Duk sanda na tambayi zancen takardun tafiyarmu, sai ya ce ana kai. Ana kai, ana kai, har na gaji da jin kalmar.

Malamarsu tana da wata dabara mai ban haushi. Wai kalma ba ta zama a ka sai an haɗa ta da hannu, kuma da sauri, kada a tsaya tunani. Ka dafa ƙirji ka ce hablaba, wato dā nakan yi magana. Ka nuna na gabanka, hablabas, kakan yi. Ka haɗa kanka da naka, hablábamos, mukan yi. Na ƙarshe, hablaban, na waɗansu ne can, sai a yi nuni nesa. Ni da ban biya kuɗin aji ba har na haddace don dole. Mutumin da sai na yi masa tambaya uku kafin ya ce "uhm", shi ne yake cika mini kunne da cewa dā yakan yi magana. Yaushe?

Ranar Asabar da hantsi ina guga a bakin taga, yaran suna kwance a kafet, maigida da ƙanensa kuma suna tsaye suna bita. Na ɗaga kai daidai lokacin da ya zo kan hablábamos. Ya rungumo kafaɗar ƙanensa. Da ya zo kan hablaban, sai ya wurgo bayan hannu wajenmu, ni da yarana, kamar mai korar ƙuda.

Na ce wa zuciyata ta yi haƙuri, tsautsayi ne. Ya sake zagayowa, haka ya yi. Ya kuma. Raina ya ɓaci, na fizge wayar dutsen gugar daga bango.

"Baban yara, mu ne waɗansu can?"

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce karatu ne kawai, in daina neman magana. Ban ko kalle shi ba, ai na san bakinsa. Na juya kan ƙanen, wanda ni na yi masa wanki da girki har ya yi gemu, na ce ya dubi idona ya faɗa mini takardun su wa aka kai.

Ya zame kafaɗarsa daga hannun yayan nasa a hankali. Ya kalli yaran, ya kalli ƙasa.

"Yaya," ya ce, "ai ce mini ka yi ta sani."