Karan Awo Biyu a Makabartar Gidan Mani

Makabartar gidan Mani da ke bayan gari a Tafoki ruwan sama ne ya kafa ta. Ranar da Malam Mani ya rasu rafi ya cika ya batse, babu hanyar ƙetarawa zuwa makabartar gari, sai aka binne shi a gefen gonarsa ƙarƙashin tsamiya. Matarsa ta ce ita ma nan za a kai ta. Daga nan duk wanda ya rasu a gidan sai a kwantar da shi kusa da na gabansa, aka kewaye wurin da shingen ƙaya.

Bana da zuriyar ta taru gyaran kaburbura kafin saukar damina, sai aka ga wurin mutum ɗaya kacal ya rage, tsakanin tsamiyar da shinge. Jikokin Malam Mani maza kuwa biyu suka rage, Baba Barau da ƙanensa Baba Yahuza. Tsofaffi ne masu taurin kai, tun suna kiwon awaki suke musu, har yau kuma kwano ɗaya suke ci.

"Wurin ga nawa ne, ni ne babba," in ji Baba Barau.

"Yaya, ai mutuwa ba ta bin layi," Baba Yahuza ya amsa.

A ƙauyen, in an yi rasuwa da karan dawa ake auna tsawon mamaci, a kai wa masu haƙa. Baba Barau bai jira an auna shi ba. Ya zaro kara daga dangar gida, ya tsayar da shi a jikinsa, ya karya daidai kansa, ya je ya shimfiɗa a wurin. Ya shiga cif. Baba Yahuza dogo ne, nasa karan sai da ya leƙa cikin ƙaya. Ya faki ido ya rage taƙi guda daga ƙarshensa, amma kowa ya gan shi. Masu gyara suka ajiye fartanya suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Yayarsu Hajiya Baraka tana tsaye wajen shinge da ƙwaryar fura, don mata ba sa shiga. Ta gaji da sauraro.

"Kai Barau, mi kake ma gaggawa? Wanda duk ya samu wurin ga, ai shi ya riga tahiya."

Baba Barau ya ɗauki karansa yana juyawa.

"Na sani, Yaya. Ni na goya yaron ga a bayana. Ban iya zuba mishi ƙasa."

Dariya ta ɗauke. Yaron da ake magana gemunsa fari fat, ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

"To ni fa?" ya ce. "In ka tahi, da wa zan ci tuwo?"

Hajiya Baraka ta ajiye ƙwaryar. Gonar gyaɗar da ke manne da shingen gadonta ce. Ta ce a tuge ƙayar a matsar da ita ciki, kuma a bar wurin mutum uku, don ita ma ba za ta bar su su je su dami iyayensu da musu babu mai tsawatarwa ba.

Murna ta kama kowa. Aka yi addu'a ga waɗanda ke kwance, aka matsar da shinge, aka sha fura. Baba Barau ya ɗauki karan nan biyu ya jera su gefe da gefe a sabon filin. Ya dubi na ƙanensa, ya girgiza kai.

"Je ka samo wani karan, Yahuza. Yanzu akwai wuri, ka miƙe ƙahwarka."