Gurbi na Goma

Fom ɗin neman jami'a gurbi goma gare shi na ayyukan bayan aji, Linnea kuwa ta cike tara. Malama Pruitt, mai ba ɗalibai shawara, ta bi su da bakin biro: muhawara, iyo, jaridar makaranta, goge a ƙungiyar kiɗa, rabon abinci ranar Laraba, har ƙasa. An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma shekara uku ke nan yarinyar nan tana tauna tara, har muƙamuƙinta ya daina kai mata ƙara.

"Duk sun yi kyau," in ji Malama. "Amma yara dubu arba'in za su aika irin wannan. Mutanen nan zuciya suke son gani. Me kike yi in ba mai kallonki?"

Da ta sani da ta ce barci. Sai dai saura minti shida a shiga iyo, don haka ta faɗi gaskiya don a sallame ta. Kowace Asabar da sassafe takan bi kakanta Arvid kamun kifi. Akwai wani lungu a tafkin garin, bayan dogayen ciyayi, sai an kashe inji an tura kwalekwale da sanda ake shigarsa. Shekara arba'in tsohon yana zuwa, bai nuna wa kowa ba sai matarsa, da ta rasu kuma sai Linnea. Ba sa hira. Su sha kofi, su jefa fatsa, su yi shiru. A nan kaɗai ne a cikin mako ba mai ba ta maki.

Malama ta aje biro. "Linnea! Kina da wannan kika ɓoye mini? Mai da shi ƙungiya. Ki koya wa yara kamun kifi, ku kwashe shara, ke ce shugaba. Ga gurbi na goma, ga kuma abin da za ki rubuta a kai."

Ranar Asabar, a cikin kwalekwale, ta karya dokar shiru ta gaya masa.

"Yara nawa?" Ya tambaya, yana soka tana a ƙugiya.

"'Yan kaɗan ne, Kaka."

"A nan?"

"Nan ne hoto zai fi kyau."

Ya jefa fatsarsa cikin ruwa. "In dai zai kai ki makarantar, shi ke nan."

Yara ashirin da biyu suka zo, kowa da rigar hana nutsewa mai launin lemo, ga iyaye, ga kwalekwalen haya shida. Don kada wani ya ɓata, Linnea ta zana taswirar lungun ta sa a shafin ƙungiya na intanet, har da kibiya. Aikinta ba ya da makusa, haka aka raine ta. Kafin watan Yuli ya ƙare, baƙin da ba su da ɗa a ƙungiyar sun gane hanya, sun kwantar da ciyayin bakin lungun, suna shigowa da inji a kunne da kiɗa.

Arvid ya zo sau uku. Ya ɗaura ƙugiyoyi, ya warware zaren da ya sarƙe, ya yi murmushi duk lokacin da aka ce a kalli kyamara.

"Ranki ya daɗe, Shugaba," yakan ce. "A ba talaka izini ya sha kofi?"

"Kai, Kaka, ka daina mana."

"Na isa? A kore ni daga aiki?"

A mako na huɗu ya ce bayansa na ciwo. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta nemi mahaifin wani yaro ya maye gurbinsa. Ta san ya kamata abin ya dame ta. Ta ajiye damuwar sai ta sami lokaci, kamar yadda take ajiye wanki.

Da lokacin kaka ya shigo, ta rubuta wa jami'a bayanin kanta, kalma ɗari shida da hamsin cif, a kan abin da shiru ya koya mata. Malama Pruitt ta karanta ta share hawaye.

Amsar jami'a ta zo a ƙarshen Maris, tana zaune a mota tsakanin iyo da gwajin kiɗa. An ɗauke ta. Ta kira mahaifiyarta, wadda ta ƙwala ihu har sai da Linnea ta janye wayar daga kunne. Da suka gama ta zauna tana jiran murna ta iso. Ba ta ji komai ba. Ta cinye sauran burodinta, ta ɗauki goge ta shiga.

Ranar Asabar ɗin da aka buɗe kamun kifi na sabuwar shekara a watan Mayu, ta tashi tun ƙararrawar agogo ba ta buga ba. Ta riga ta miƙa wa wata 'yar aji uku shugabanci. Ta sayi kofi biyu ta nufi gidansa. Ta tarar ya ɗaura kwalekwale a bayan a-kori-kura, yana jan igiya da ƙarfin da bai yi kama da na mai ciwon baya ba. Sandar fatsa ɗaya ce a ciki.

"A'a, Shugaba! Da sassafe haka?"

"Na sauka, Kaka. Na gama komai. Mu je."

"Lungun ya zama kasuwa, 'yar nan. Kifi ma ya yi ƙaura."

"To ina za ka?"

"Na samu wani wuri."

"A ina?"

Ya buɗe baki, ya dube ta, ya dubi wayar da ke leƙowa daga aljihun rigarta. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da ya fi sauƙi. Ya karɓi kofi ɗaya, ya sumbaci goshinta.

"Can dai," ya ce. "Ina alfahari da ke, kin ji?"

Motar ta fita a hankali, kwalekwale na rangaji a baya. Linnea ta tsaya da kofinta har ya huce. Ta ciro waya ta duba jadawalin ranar, don hannu ya saba. Babu komai a Asabar ɗin, daga sama har ƙasa.