Kambu Na Huɗu

Da na tura ƙofar banɗakin, tururi ne ya fara dukan fuskata. Sai da ya ɗan washe na hango ƙanena Chebo kwance cikin bahon wanka, ruwan zafi har wuya, an zazzage gishiri leda biyu a ciki. Kumatunsa sun lotsa, leɓɓansa sun tsattsage, ga kofin roba a hannunsa yana ta kakarin tofa yawun da babu shi. Baba yana zaune a bakin bahon, idonsa a kan agogo.

"Saura minti shida," in ji Baba. Ko kallona bai yi ba.

"A sikeli fa saura nawa?"

"Laba biyu da rabi."

"Daga ina za ku cire su? Ko ƙafa ɗaya za ku guntule masa?"

Chebo ya buɗe ido da ƙyar, ya yi murmushi. "Ga Yaya Ofelia ta iso, likitar da ba a aika a kira ba."

Wasa yake yi, amma kalmomin sun fito a tauye, harshensa na jan su kamar an ɗaura musu dutse. Shekarata goma sha tara ina aikin jinya. Na kama wuyan hannunsa, na ji jijiyar tana gudu tana tuntuɓe. Kwana biyu ke nan ruwa bai wuce maƙogwaronsa ba, kuma da ƙarfe goma sha biyu za a hau sikeli a gaban 'yan jarida, a ƙasan wannan otal na Las Vegas. Gobe kuma a shiga filin dambe a daki kansa turmi goma sha biyu.

*

A El Paso babu wanda bai san Eusebio Armendariz ba, sai dai ba mai kiran sa haka, kowa Chebo. Hotonsa yana jikin bangon shagon aski, yana jikin motar mai sayar da masara. Ya ɗauki kambun duniya a ajin laba ɗari da ashirin da shida yana da shekara ashirin da huɗu, ya hau na ɗari da talatin ya ɗauka, ya ƙara hawa ɗari da talatin da biyar ya karɓe shi a hannun wani Bature da ya fi shi tsawo. Aji uku, kambu uku. Duk a garejin Baba aka ƙera shi, tsakanin tsofaffin tayoyi da buhun yashi.

Baba ma ya yi dambe a ƙuruciyarsa. Wasa talatin da ɗaya, ya ci sha huɗu, ya tashi da karyayyen hanci da kunne ɗaya da ba ya ji. Ba ya zancen wannan. Zancen Chebo yake yi, kuma idan yana yi, "mun ci" yake cewa.

Balderrama, dillalin da ke shirya wa Chebo wasanni, shi ya kawo maganar kambu na huɗu. Zakarun ajin sama duk na wasu dillalai ne, amma zakaran ajin ɗari da ashirin da biyu yaronsa ne. Idan ya haɗa su, ko wa ya faɗi, shi ya ci. Abin da ake buƙata kawai shi ne mutum mai shekara talatin da huɗu, wanda yake yawo da laba ɗari da hamsin a jikinsa, ya koma nauyin da rabonsa da shi tun yana ɗan sakandare.

Wata uku kafin wasan, Yadira matar Chebo ta same ni a wurin aiki, ta ja ni gefe. Ta ce ya bar wuta a kunne sau biyu ya fita. Ta ce ranar Lahadi ya tsaya yana kallon 'yarsu ta fari, bakinsa a buɗe, sunanta ya ƙi zuwa. Muka lallaɓa shi aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa a asibitin da nake aiki. Likitan ya daɗe yana kallon allon, sannan ya nuna masa wani ɗan tabo da bakin biro, ya ce jini ya taɓa tsiyaya a nan. Ya ce, "Naushi ɗaya mai kyau ya isa. Ka ajiye safar hannu."

Baba ya ce likitocin zamani tsoro ya yi musu yawa. Balderrama ya tura su wurin wani likita nasa, suka dawo da takarda fes, har da tambari. Ita aka miƙa wa hukumar dambe. Ta gaskiyar kuwa Yadira ta saka a ambulan ta ba ni, ta ce in ajiye, ita ba za ta iya ba.

Tana cikin jakata a wannan safiyar.

*

Na fito falon masaukin na tarar da Balderrama ya baje a kujera yana karin kumallo, ƙwai da nama da ruwan lemo mai sanyi, ƙamshin yana shiga har banɗakin.

"Ranki ya daɗe," ya ce, yana goge baki. "An ce kin zo da faɗa."

"Ka shiga ka dube shi."

"Na ga ɗari irinsa. Duk haka suke kafin awo. Da ya sauka daga sikeli a ba shi ruwa da romo, gobe ki ga zaki. Kin san mutum nawa ne a duniya suka taɓa riƙe kambu a aji huɗu? Sunan gidanku zai shiga tarihi."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai wane aji ka taɓa sauka?"

Ya shafa tumbinsa ya yi dariya. "Ni ajina sama yake tafiya kullum. Zauna ki ci wani abu, yunwa ce ke sa ki zafi."

Ƙofar banɗaki ta buɗe. Baba ya fito da Chebo a kafaɗarsa, an naɗe shi da tawul da bargo don zufar ta ci gaba. Taku uku Chebo ya yi gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Na tare kansa kafin ya kai ƙasa. Idanunsa suka juye na ɗan lokaci, sannan suka dawo.

"Santsi ne," in ji Baba. "Ƙasan da ruwa."

Kafet ne a wurin. Na miƙe na ɗauki jakata. Baba ya san abin da ke ciki, don haka ya riga ni zuwa bakin ƙofa.

"Ina za ki?"

"Wurin likitar hukuma."

"Ni na haife ki, Ofelia."

"Shi ma kai ka haife shi, Baba."

"Shekara ashirin da biyar ina riƙe masa buhu. Ke me kika sani a dambe?"

"Ban san dambe ba. Na san waɗanda ake kawo mana bayan an gama tafi. Ni nake sa musu cokali a baki."

Daga ƙasa Chebo ya kira ni, muryarsa kamar ana goga takarda. "Yaya. Saura laba biyu kawai. Ki bar ni in gama, daga wannan na daina, na rantse."

"Haka ka ce a na uku."

"In kika fita ƙofar nan, ba ni ba ke."

Na dube shi. Ni na goya shi lokacin da Mama take aikin wanki a otal. Ni na fara wanke masa jinin hanci. Na ce, "Na yarda. Ka yi shekara hamsin kana gaba da ni." Na ratsa ta gefen Baba. Bai taɓa ni ba, amma na ji hucin numfashinsa a wuyana.

Likitar hukumar wata dattijuwa ce mai furfura. Na same ta a bayan dandalin awo tana shirya kayan aikinta. Na miƙa mata ambulan ɗin, ta zare hoton ta ɗaga shi saitin fitila, ta karanta takardar har ƙasa, ta sake karantawa.

"Ke wace ce a wurinsa?"

"Yayarsa."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Ta ɗauki wayarta.

*

Kafin ƙarfe uku Balderrama ya samo wani matashi daga Sonora ya maye gurbin. Aka sauke hoton Chebo daga allon ƙofar otal, aka ɗora na yaron, ba a ko canja launin rubutun ba. Wasa ya gudana, tikiti bai yi kwantai ba. Hukuma ta janye lasisin Chebo. Likitan da ya buga tambarin ya ce kuskuren sakatariya ne, maganar ta mutu a nan.

Ni kuwa na dawo El Paso na tarar gari ya riga ni. An rubuta "maciya amana" da jan fenti a jikin motata. Matar da nake sayen burodi wurinta shekara goma ta ce ya ƙare, ga shi jibge a bayanta. A rediyo wani ya buga waya ya ce hassada ce, wai ni ban yi aure ba, ban yi suna ba, shi ya sa. Asibiti suka dakatar da ni sati uku suna binciken yadda takardar ta fita. Da aka tambayi Yadira ta ce ba ta san komai ba. Ban ga laifinta ba. Ita za ta kwana gida ɗaya da shi.

Ban wanke fentin ba. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake zuwa coci, in ajiye motar a sahun gaba. Wata ranar Lahadi, bayan an tashi, wani abokin Baba ya tare ni a matakala.

"'Yata, kin tauye yaron nan. Da yanzu yana cikin manya."

"Kawu, ranar da za a wanke masa kashi, kai za ka zo ko ni?"

Ya ja hularsa ya wuce.

Baba bai sake yi min magana ba sai sau ɗaya. Na kai masa maganin hawan jini garejin, na same shi zaune a gaban buhun yashi, hannuwansa a cinya. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da mun ci." Na ajiye maganin a kan benci na ce, "Ƙwaya ɗaya da safe, bayan ka ci abinci."

*

Wata biyar Chebo bai neme ni ba. Wata Asabar da hantsi ina shanya a bayan gida na ji mota ta tsaya. Na leƙo na ga baƙar motarsa, shi kuma yana ciki, injin na aiki, hannuwansa biyu a kan sitiyari. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta cika. Na ƙarasa na tsaya a gefen taga.

"Ba za ka shigo ba?"

"Ba wurinki na zo ba."

"To."

"Ban yafe miki ba, kar ki ɗauka."

"Ban roƙa ba."

Ya mayar da idonsa kan titi. A kujerar gefensa akwai ledar kanti, madarar da ke ciki ta yi gumi har ta jiƙa kujerar.

"Yadira ta aike ni tun ƙarfe takwas," ya ce. "Na fito daga kantin, na hau titin Alameda... sun canja hanyoyin ne?"

"Ba su canja ba."

"Ina ta zagaye. Gidanki ne kawai na gane." Ya juyo ya dube ni. "Kar ki kira ta. Kar ki gaya wa Baba."

A kan titin nan aka haife shi. A kansa ya yi gudun asuba shekara ashirin. Daga gidana zuwa nasa kwanar titi uku ce kacal.

"Matsa in tuƙa ka."

"Ba mai tuƙa ni. Ki shiga gaba."

Na ɗauko makullina. Na fito da motar a hankali, ya biyo ni, kusa sosai har ina tsoron taka birki. Ina ba da sigina tun da nisa don ya gani. A mahaɗar farko danja ta tsayar da mu. Wasu magina da ke cin abinci a bayan a-kori-kura suka gane shi, suka miƙe suna ɗaga hannu.

"Zakara, yaushe za a ɗauko na huɗun?"

Ta madubi na ga ya sauke gilas, ya ɗaga musu dunƙulallen hannu, yana murmushi irin na hotunan bango. Fitila ta koma kore. Na ɗan jira, na bayanmu suna ta hon, har sai da ya sauke hannun, idanunsa suka lalubo motata.