Zaren Zuliha

Kwalbar allurar tana hannun Malam Dabo, amma idonsa ba a kanta yake ba. Ya murza ta tsakanin yatsu biyu, ya shafa wuyanta kamar mai laluben ƙulli a carbi, ya ɗan yi jim, sannan ya fasa bakinta ya zuƙo ruwan da sirinji.

Rauda tana zaune a kusurwar ɗakin shan maganin, littafi a cinya, ƙafarta sai kaɗawa take yi. Mako uku ke nan tana zirga-zirga a kan babur daga Kankiya zuwa ƙauyukan Kusada, tana binciken digirinta na uku a kan kurakuran da ake yi wa marasa lafiya, da dalilin da ya sa ɗan ƙauye ya fi ɗan gari shan wahalarsu. Ma'aikatan lafiya ashirin da uku ta zauna da su. Duk wanda ta tambaya ko ya taɓa kuskure, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, babu." Haba! Ko macen da ta fi kowa iya tuƙi, wata rana tuwonta yakan yi gudaji. Ta gaji, haushi ya ishe ta, ga shi ranar Litinin malamarta a jami'a tana jiran sakamako.

Malam Dabo shi ne na ashirin da huɗu. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da wannan ɗaki shi kaɗai, a wani ƙauye da ke can bayan Bauranya. Da safe ta miƙa masa takardar amincewa, ya dubi takardar a tsanake, ya sa hannu, ya ba ta amsar da ta saba ji. Sannan ya bar ta ta zauna ta ga aikinsa.

Wadda ke kwance a kan gadon sunanta Kubura, cikinta wata bakwai, zazzaɓi ya kayar da ita tun shekaranjiya. Dokar bincike ta ce mai bincike ido ne kawai, ba hannu ba. Amma Rauda ta yi shekara shida tana aikin jinya kafin ta koma karatu, idon ma'aikaciyar jinya kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Fasasshiyar kwalbar ta gangaro bakin tebur, ta karanta rubutun da ke jikinta. Allurar da ake yi wa mace bayan ta haihu ce, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. A jikin mai ciki wata bakwai, naƙuda za ta tayar ba lokaci ba.

"Baba, dakata!"

Ba ta san sa'ad da ta riƙe masa hannu ba. Littafin ya faɗi ƙasa.

"Lafiya, Malama?"

"Wannan ba ta zazzaɓi ba ce," ta ce a hankali, don kada mara lafiyar ta ji.

Bai yi musu ba, bai ma sake duba kwalbar ba. Ya ajiye sirinjin, ya nuna mata kwali da haɓa. Ita ta ciro wadda ta dace, shi ya yi allurar. Kubura ta gyara zaninta ta fita ta zauna a benci, a inuwar darbejiya.

Malam Dabo ya tura ƙofa. Ya buɗe akwatin katako ya ajiye a gabanta. Kwalaben allura ne jere, kowace da zare a wuya: wasu ja, wasu baƙi, wasu fari mai ƙulli biyu.

"Aikin mai ɗakina ne, Zuliha," ya ce. "Yanar ido ce ta rufe mini gani, yau shekara uku. Mutum ina ganinsa, jijiya hannuna ya san inda take, amma ƙaramin rubutu ya fi ƙarfina, ko da tabarau. Duk ranar da aka kawo kaya, ita ke karantawa ta ɗaura zare. Ja na zazzaɓi, baƙi na masu haihuwa. Launin ma in ya gagare ni, ƙullin nake shafawa. Ba mu taɓa kuskure ba, Allah shaida."

"To yau fa?"

"Ɗiyarmu ta haihu a Katsina, haihuwar fari. Uwarta ta tafi yi mata wankan jego, sai an yi arba'in. Bayan tafiyarta aka kawo sabon kwali. Na shafa ban ji zare ba, sai na bi girman kwalba."

"Kwana nawa ya rage?"

"Sha tara."

Rauda ta tashi, ta je bakin taga, ta dawo, ta sake zama. Tana so ta yi masa faɗa, tausayi ya hana ta.

"Baba, yanar ido ai cire ta ake yi. Aiki ne na yini ɗaya."

"Na sani, Malama. Amma ranar da na nemi hutun ido, ranar aka san ba na gani. Kafin ni, shekara huɗu ɗakin nan yana kulle, awaki ke kwana a barandarsa. Wa zai zo? Wanda aka turo bara don ya taimake ni, mako biyu ya yi ya gudu." Ya rufe akwatin. "Na faɗa miki ne don kin ce maganarmu sirri ce."

Rauda ta buɗe jakarta. Ta ciro takardar da ya sa wa hannu. A ƙasanta, cikin ƙananan haruffa, akwai sharaɗi: idan mai bincike ya ga abin da zai iya cin rai, wajibi ne ya kai rahoto, sirri ya faɗi. Da safe ta karanta masa saman takardar da baki, ta bar masa ƙasan ya duba da kansa, don tana sauri. Ita da ta zo farautar kuskuren mutane, ashe nata yana cikin jaka. Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

"Baba, akwai abin da ban karanta maka ba."

Ta karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye.

"Ke nan dole ki faɗa."

"Haka dokar ta ce."

"To, abin da ya zama dole ai ba a yi masa gardama. Saura shekara biyu in yi ritaya, na so in fita da mutuncina." Ya ɗago kansa. "Ba ki yi laifi ba da kika riƙe hannuna. Allah ya saka miki."

Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Kafin ta tafi ta zauna ta ware masa sabon kwalin, ta ɗaura wa kowace kwalba zarenta yadda ya kwatanta, tana sane da cewa wannan ma ba ya cikin aikinta. Ta ɗauki jaka ta fito. Hadari ya haɗu ta gabas, mai babur ɗinta yana ta yi mata nuni da sama, don in rafin hanya ya kawo, sai gobe.

"Malama."

Kubura ce, tana nan a bencin ba ta tafi ba. Rauda ta matsa ta yi mata sannu da jiki.

"Na ga sa'ad da kika kama mishi hannu," in ji Kubura. "Zuliha ce ba ta nan, shi ya sa."

Rauda ta yi sororo. "Kin sani?"

"Wa bai sani ba garin nan? Har zare muke kai mata in nata ya ƙare. Shi dai ne bai san mun sani ba, kuma ba mai gaya mishi."

"Yau da ya kashe miki ɗa, Kubura! Wataƙila har da ke."

"Na ji. Ban ce ƙarya kike ba." Ta gyara zama da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu. "Cikina na biyu, lokacin ɗakin nan na kulle, a amalanken shanu aka ɗauke ni za a kai ni Kusada. Bakin rafi na haihu, ɗan bai zo da rai ba. Ukun da suka biyo baya, Malam Dabo ya karɓe su, ga su can suna wasa. In kika je kika faɗa, ke kin san wanda za su turo mana nan da wata biyu?"

Mai babur ya tayar da mashin. Ɗigon ruwa na farko ya sauka a kan jakar Rauda.

Kubura ta dube ta tun daga takalmi har mayafi, ba da faɗa ba.

"Kina da ɗiya, Malama?"

"Biyu."

"Allah ya raya. A ina kika haife su?"