Ƙibar Fannami

Fannami masunci ne a Guri, siriri tun yana yaro. A daminar da ya cika shekara hamsin da biyu sai fuskarsa ta fara cika, wuya ya yi kauri, tumbi ya fito. Mutanen gari suka dinga yi wa matarsa Bintu barka, wai sai yanzu girkinta ya karɓe shi. Ita kuwa dariya kawai take yi, don ta san tuwon dai na kullum ne.

Abin da ya dame ta ƙafafunsa ne, sai ramewa suke yi. Ga ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, ga tari mai naci. Ranar da ya kasa ɗaga ƙafa ya shiga kwalekwale, ta kira ƙaninta Ja'afaru, ma'aikacin jinya a Haɗeja. Ja'afaru ya auna shi, ya ga jini ya hau, suga ma haka, ya ce wannan ba ƙibar jin daɗi ba ce. Suka wuce Kano.

Bayan hoto da gwajin jini, likita ta zaunar da su. Ta ce cutar daji ce, wani ɗan ƙari a huhunsa na dama. Ta bayyana musu cewa a saman kowace ƙoda akwai 'yar tsoka mai fitar da sinadarin da ke daidaita suga da ƙarfin jini. Ƙarin nan ne ke aika wa tsokokin saƙon ƙarya, har suka kumbura suna aiki ba hutu, shi ya jawo masa wannan ƙibar.

Fannami ya ce, "Wato huhu ne ya shiga aikin da ba nasa ba? Kamar manomi ya zo koya mini kama kifi da koma."

Likita ta yi dariya. Ta ce ya taki sa'a, irin mai jinkirin girma ne, bai bazu ba, kuma yana ciruwa.

Aka yi masa aiki bayan Babbar Salla. Ya sha wuya, ya yi watanni yana shan ƙwayoyi kafin jikinsa ya daidaita, Bintu na tsaye a kansa ba ɗaga ƙafa. A hankali kumburin ya saɓe, ƙarfi ya dawo.

Da ruwa ya fara janyewa daga fadama, ya koma kogi. Tarwaɗa huɗu kacal ya kamo, amma ya shigo gida yana waƙa. Ya ce wa Bintu ta yi bandar manyan guda biyu, Ja'afaru zai kai wa likita ranar Litinin.