Kafin Hannun Tela Ya Faɗa

Tela ya haura shekara hamsin bai taɓa tuƙa abin da ya wuce keken ɗinki ba. Shagonsa na bakin lungu, gidansa na can ƙurya inda mota ba ta shiga. Ciwon matarsa ne ya sa shi koyon babur.

Ƙodarta ce ta gaza. Likita ya ce sai wankin ƙoda sau biyu a mako, asibitin kuwa yana wancan gefen gari. Zuwa da sauƙi, dawowar ce aiki. Takan fito jiri na ɗibarta, su tsaya a rana suna jiran mota, a matse ta tsakanin mutane da kaya, in sun sauka kuma ga lungu da za ta taka tana dafa bango. Ranar da ƙaninta ya ɗauko ta a babur har ƙofar ɗaki, sai ta wuni da ɗan ƙarfinta. Amma ƙanin, wanda kowa ke kira Auta, bakaniken babura ne a garejin wani, ba kullum ake barinsa fita ba.

"Auta, ka koya mini abin nan," in ji Tela wata rana.

Auta ya kwashe da dariya. "Kai, mijin Yaya? Kai da ko akuya ta tare hanya sai ka ba ta haƙuri?"

Da ya ga ba wasa a fuskar Tela, sai ya haɗiye dariyar. Washegari ya turo wani tsohon baburinsa da ya gyara, da hular kwano.

A filin bayan makaranta suke haɗuwa da yamma. Auta bai bar shi ya tayar da inji ba sai da ya iya nuna kuloci da giya da birkin hannu da na ƙafa ido a rufe. Hular kuwa, ko zagaye ɗaya za a yi, sai an ɗaure igiyarta a haɓa.

"Zafi gare ta," Tela ya yi ƙorafi.

"Ƙasa ta fi ta zafi. Saki kuloci a hankali. A hankali na ce, ba fedar keken ɗinki ba ce!"

Babur ya yi tsalle ya mutu. Haka suka yi ta fama. Ƙafar da ta saba da keken ɗinki ba ta san zama wuri ɗaya ba, idon da ya saba da kallon allura kuma kullum yana kan tayar gaba. "Ɗaga kai," Auta ke ce masa. "Inda ka kalla can za ka tafi."

Wata yamma kare ya gilma. Tela ya damƙe birkin gaba da dukan ƙarfinsa, sai ga shi a ƙasa, gwiwar hannu ta saɓule, hular ta bugi dutse. Matarsa ce ta wanke masa ciwon, tana zaune bakin gado, ƙafafunta a kumbure.

"Baban yara, tsufa da wasan ƙasa?" ta ce, tana dariya ƙasa-ƙasa.

Sannu a hankali ya iya tashi, ya iya tsayawa, ya iya karya kwana ba tare da ya sauke ƙafa ba. Ran da ya zagaye filin bai yi kuskure ba, sai ya ce gobe shi zai kai matarsa asibiti.

"Ba za ka kai ta ba," in ji Auta.

"Me ya rage?"

"Tuƙa kanka daban, goyo daban. In mutum yana bayanka babur yakan canja hali, birki ma ba ya kamawa da wuri. Ga shi ba ka taɓa shiga titi ba. Sai ka yi da buhun yashi, sannan ka yi da ni, sannan a yi maganar Yaya."

"Matata ce fa."

"Yayata ce. Ita ta goye ni. In jiri ya ɗebe ta a bayanka a tsakiyar motoci, ka san abin yi?"

Tela ya cire hular ya tafi gida a ƙafa. Ya zaci matar za ta goyi bayansa, sai ta ce, "Ka bi maganar yaron nan. Ba inda za ni, ina nan har hannunka ya faɗa."

Ya koma fili. Aka ɗaure masa buhun yashi a baya, maƙwabta na tsokanarsa wai ya yi amarya marar magana. Ya koyi duba madubi, ya koyi waiwaye kafin ya karya kwana, ya koyi barin tazara tsakaninsa da motar gabansa.

Wata safiya yana goge babur a tsakar gida, matarsa ta fito tana dafa ƙofa.

"Ɗora ni in ji," ta ce. "Ba sai ka tayar ba."

Ya kafe baburin a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya ɗaga ta ya zaunar. Sai a lokacin ya ji yadda ta rame, buhun yashin ma ya fi ta nauyi. Ya hau gaba. Ta zagaye cikinsa da hannuwanta, ta kwantar da kai a bayansa.

"Direba, kar ka yi gudu," ta ce.

Suka daɗe a haka, kaji na kiwo a gefensu. Bai juyo ba, don kada ta ga idonsa.

A makon ne jikinta ya rikice, aka kwantar da ita a asibiti. Titin da Auta ya so su shiga tare, Tela shi kaɗai ya shige shi, safe da yamma, da kwanon abinci ɗaure a baya. Yana bin gefen titi, ana yi masa ham, bai kula ba. Kullum ya shiga ɗakin sai ta tambaye shi ko ya faɗi, ya ce a'a, ta ce madalla. Daga baya ta daina tambaya. Wata rana da hantsi ya iso da abinci ya tarar an ja labule a gadonta.

Bayan an kai ta makwancinta, mutane sun ragu, Auta ya sami Tela a shago zaune gaban keke, ba ya ɗinki. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya fashe da kuka.

"Ni na hana ka. Da na bari, ko sau ɗaya ne, da ka ɗauke ta."

Tela ya ajiye zaren da ke hannunsa.

"Na ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba," ya ce. "Amma ranar da na fara shiga titi, wata mota ta yanko gabana. Da ƙyar na tsaya, ni kaɗai ke nan. Da tana bayana, da a kwalta za ta ƙare, ni kuma in rayu da wannan. Ta tafi a kan gadonta. Tashi, Auta."

Auta ya share fuska da hannun rigarsa mai baƙin mai. Tela ya miƙa masa makullin babur, ya ce ba shi da sauran wurin zuwa. Auta ya ƙi karɓa.

"Bar shi a wurinka. Ba ni da kowa a garin nan yanzu sai kai. Ka riƙa leƙo ni gareji."

Tela ya riƙe makullin. Ya jawo benci da ƙafa, Auta ya zauna kusa da shi.